Wata Biyar da Na Jira Dogon Likita

'Ya'yana, akwai maganar da kuke yi a gidan nan shekara da shekaru, ina jin ku ina yin shiru. Da zarar haƙorin wani ya motsa, sai babbar yayarku Rabi ta ce kada a kuskura a je Paraku, can ne aka cire wa Inna haƙori aka kashe ta. Ta faɗa har ƙannenta sun haddace, yanzu ga jikoki ma sun fara ɗauka. To, ba haka aka yi ba. Ni ina wurin, ku ba kwa nan. Mutanen da kuke zagi ba su yi wa mahaifiyarku komai ba sai alheri, kuma na gaji da cin abinci a gidan da ake zaginsu saboda ni.

Sai na fara da yadda aka rene ni, in ba haka ba, ba za ku gane irin wautar da na tafka ba. Mu gidan fatake ne. Goro ne ya kawo kakanmu Jugu, mahaifina ya ɗora da atamfa, ni kuma na gaje shi. A kowane gari muna da fatoma, wato mai masaukinmu. Shi ke sauke mu, shi ke ajiye kayanmu, shi ke nemo mai saye, in rigima ta tashi shi ke tsaya mana. Fatoma ɗaya ne a gari, kuma gadonsa ake yi kamar yadda ake gadon gida. Shekarar da na yi aure, mun isa Paraku da goro muka tarar fatomanmu ya tafi ta'aziyya. Maƙwabcinsa, wanda katanga ɗaya ce ta raba su, ya fito ya ce mu sauke a zaurensa, yana da masu saye a hannu. Mahaifina ya yi masa godiya ya ƙi. Kwana tara muka yi a zaune muna yayyafa wa goro ruwa, yana baƙi a kan idonmu. Da na yi ƙorafi sai ya dube ni ya ce:

"Wanda ya fara karɓar ka shi ke da kai. In ka shiga ƙofar maƙwabcinsa don ya yi tafiya, ka zage shi a bayan idonsa. Goro ya lalace, za a kawo wani."

Wannan magana ta zauna mini a rai, kuma ta yi mini rana a kasuwa fiye da shekara arba'in. Har gobe ban ce mahaifina ya yi kuskure ba. A kan goro yake magana.

Kun san Innarku. Mace ce da in ta fara labari da hantsi, la'asar za ta same ta ba ta kai aya ba. Daga madafa take tafiyar da gidan nan da murya kawai, tana tuƙa tuwo tana yi wa wannan faɗa, tana aiken wancan, tana ba maƙwabciya amsa ta kan katanga, ni kuma tana tuna mini abin da na faɗa shekara ashirin da suka wuce. Nakan ce mata ko rediyo yana hutawa in an ɗauke wuta. Takan ce ai shi rediyo ba shi da miji irina. A shekarar da abin ya faru, wani haƙorinta na can ciki ya tsage a kan tsakuwar shinkafa, bakinsa ya yi kaifi, ya riƙa gogar gefen harshenta har wurin ya zama gyambo. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma ban lura ba sai ranar da na ga ta ture yaji gefe, ita da ko kunu ba ta sha sai da citta mai sa hawaye.

Muka bi hanyar da kowa ke bi. Aka yi kanumfari, aka yi ruwan gishiri mai ɗumi, aka yi tofi. Akwai wani wanzami da ke zuwa daga Bariyenu ranar kasuwa, wanda ya cire wa rabin unguwarmu haƙori, na ɗauko shi har gida. Mutumin nan, Allah ya saka masa, ya leƙa bakinta ya daɗe, sannan ya mayar da kayan aikinsa cikin zabira.

"Alhaji, haƙorin zan iya," in ji shi. "Amma wannan na harshen ban san shi ba. Kai ta inda ake da fitila."

A ƙaramin asibitin unguwa aka ba mu ƙwayoyi, aka ce mu nemi likitan haƙori. Wanda muka sani a Jugu a lokacin ba kullum yake zama ba, ni kuma na ƙosa. Sai na buga waya ga Alhaji Sanusi na unguwar Gema a Paraku, ɗan wancan fatoma na mahaifina, wanda yanzu shi ne nawa. Ya yi kwana biyu yana tambaya, a masallaci, a kasuwa, har wajen mai sayar da magani. Sunaye uku ya samo, amma matarsa ta ce kada mu wahala, akwai wani dogon likita a unguwar Titiru wanda ya cire mata haƙori ba ta sani ba sai da ya nuna mata shi a faranti.

Muka shiga mota tun da safe, muka sauka gidan Sanusi, washegari ya raka mu. Asibitin gidan bene ne fari, a bakin ƙofa an kafa allo da sunayen likitoci shida, kowanne da aikinsa: biyu na haƙori, ɗaya na kunne da maƙogwaro, ɗaya na yara, sauran na manta. A ciki tebur ɗaya ne a gaba, wata sakatariya na zaune tana rubuta sunan duk wanda ya shigo, bayanta kuma dogon baranda da ƙofofi a jere. Ina gani na ce a raina na gane wurin nan, ai layin 'yan atamfa ne. Kowa da rumfarsa, rufi ɗaya ya haɗa su, suna gaisawa da safe amma kowa na satar kallon wanda ya shiga rumfar ɗan'uwansa. Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, ni da na tsufa a kasuwa?

Dogon likita ya tarbe mu da yaren Dendi, da ya ji muna Hausa sai ya juya, Hausarsa tana ɗingishi amma tana tafiya. Ya kira Innarku Mama, ya riƙe mata hannu ta hau kujerar nan mai kwanciya. Haƙorin bai ba shi wuya ba. Abin da ya tsayar da shi harshen ne. Ya haska, ya taɓa, ya sake haskawa, ya shafa ƙarƙashin muƙamuƙinta, ya yi rubutu mai yawa a cikin takardarta.

"Mama, mai laifin ya fita," ya ce. "In shi ne ke yanka harshe, cikin sati biyu wurin zai rufe. Ku dawo a duba. In bai rufe ba, sai mun ɗebi ɗan kaɗan mun aika an bincika. Kada ku wuce sati biyu, Alhaji. Ko ba ni nan, abokan aikina suna nan, duk ɗaya ne."

Wannan ta ƙarshe na ji ta da kunnena, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma kowane fatoma haka yake faɗa in zai yi tafiya: maƙwabta suna nan, gida gidanku ne. Maganar ladabi ce, kuma mai hankali ba ya ɗaukar ta. Na kama hannunsa da hannu biyu na yi godiya, a zuciyata kuwa na riga na naɗa shi. A gidan nan mai ƙofofi shida, shi ne namu.

Sati biyu suka cika, gyambon bai rufe ba, sai ma gefensa da ya yi tauri. Muka koma, ni da ita kawai, ina riƙe da zabi biyu da na saya wa likita. Sakatariya ta ga zabin ta rufe baki tana dariya.

"Papa, dokta ya yi bulaguro. Ya tafi ƙaro karatu, sai bayan damina. Amma ba komai, randebu ɗinku, ranar da aka sa muku, yana nan. Dokta ta biyu za ta gan ku."

Kafin in buɗe baki sai ga wata mace ta fito daga ƙofa ta biyu da farar riga, takardar Innarku a hannunta, ta ma riga ta karanta. Kada wani a cikinku ya ce don mace ce na ƙi. Unguwarzoma mace ce ta karɓi haihuwarku duka, kuma ban taɓa damuwa ba. Ko namiji ne mai gemu har cibiya, abin da na yi shi zan yi. Ta shigar da mu, ta sa safar hannu, ta ce Mama buɗe. Innarku ta buɗe. Matar nan ta duba a hankali, ta taɓa wuyanta, ta ajiye fitilar.

"Alhaji, wannan ba zai jira ba," ta ce. "Abokin aikinmu na maƙogwaro yana ƙofa ta uku, yau yana nan. Zan kai Mama da kaina, ya ɗebi abin da za a aika. Minti kaɗan ne."

Ku ji abin da ni na ji. Mutum ya yi tafiya, ko ƙurar motarsa ba ta kwanta ba, maƙwabciya ta ɗauko takardarsa ta karanta, tana neman janye baƙonsa, har ma za ta raba da na ƙofar gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna da mutumin da ya riƙe wa matata hannu ya kira ta Mama, na ce yaya zan kalle shi in ya dawo?

"Wa ya ba ki takardarsa?" na tambaye ta.

"Dosiyen, wato takardar, ba nasa ba ne, Alhaji, na Mama ne. Dukanmu muna dubawa. Shi ne ma ya bar mini rubutu a kai."

"Shi ya fara, shi zai ƙarasa. Za mu jira shi."

"Wata biyar fa."

"Ko shekara ce."

Na miƙe tsaye. Ta juya wajen Innarku ta ce, "Mama, ke mi kika ce? Bakinki ne." Innarku ta dube ta, ta dube ni, ta gyara mayafinta ta sauko daga kujera. Matar nan ta biyo mu har bakin titi tana roƙo, da Faransanci, da Dendi, da Hausa. Ni kuwa na tare masu babur biyu, na ɗora matata a ɗaya, na hau ɗaya da zabina, ina jin kaina ɗan halak wanda ya riƙe amana. Da na ba Sanusi labari ya ce haka iyayenmu suka yi. Ban faɗi wannan don in raba laifi da shi ba, shi bai ga fuskar likitar ba, ni na gani.

Ga abin da ya fi yi mini nauyi. Da muka dawo Jugu, Rabi ta bugo waya daga gidan mijinta tana tambaya. Na ce mata likita ya ce a jira. Haka na gaya wa kowannenku. A lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba, gajarta labari na ɗauke ta. A kan wannan magana tawa kuka gina duk abin da kuke faɗa yau.

Damina ta sauka. Sakatariya ta kira ni sau biyu, likitar da kanta sau ɗaya. Na amsa da ladabi na ce muna nan, sai ya dawo. Na uku ban ma bari ta gama ba. A gida kuwa Innarku ta bar tuwo ta koma kunu, ta bar kunu mai kauri ta koma tsararo. Gidan ya yi shiru. Maƙwabciya ta riƙa leƙowa ta katanga tana tambaya ko an yi faɗa ne. Da hannu Innarku take aike, da ido take faɗa, in dole sai ta yi magana, kalmomin sukan fito a dunƙule kamar mai ruwan zafi a baki. Ina ganin wannan duka. Sau biyu na ɗauki hula da niyyar mu koma, sai in ce saura wata biyu, saura wata ɗaya, an riga an yi mai yawan. Na ƙara sayo zuma, na ƙara karɓo rubutu. Har wani ƙullutu ya fito mata a ƙarƙashin muƙamuƙi, na ce ƙila kaluluwa ce.

Ranar da Sanusi ya bugo ya ce an ga dogon likita a Titiru, washegari muna can. Likita ya fito da fara'a, ya ce Mama, sai fara'ar ta tsaya. Ta rame har ɗankunnenta ya yi mata yawa. Ya duba bakin, bai daɗe ba wannan karon. Ya buɗe takardar, ya ga rubutun abokiyar aikinsa da ranakun da aka kira ni. Ni kuwa ina zaune ina jiran ya yaba mini.

"Likita, sun so su karɓe ta," na ce. "Na ce a'a, kai muka sani."

Ya cire tabarau ya riƙe kansa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Alhaji, wa zai karɓe ta daga hannun wa? Mu shida aiki ɗaya muke yi. Don wannan muka haɗu a gida ɗaya, don in ɗaya ba ya nan kada mara lafiya ya jira, in abu ya fi ƙarfin ɗaya ya miƙa wa na kusa. Duk ranar Litinin muna zama mu duba takardun da suka dame mu. Kafin in tafi na sa ta Mama a kan tebur, na ce wannan kada a bari ta kuɓuce. Ko ina nan ranar, ba ni zan yi ba. Ni ma ƙofa ta uku zan kai ta."

Ban san abin da na amsa ba. Na tuna dai na tambaye shi ko bai ji haushi ba da wata ta karanta takardarsa, tambayar wawa. Ya kama hannun Innarku ya fita da ita. Na bi su a baya ina ƙirga taku. Daga ƙofarsa zuwa ƙofa ta uku taku goma sha ɗaya ne.

Sauran kun san shi, don a nan ne kuka shigo labarin. Sakamako ya dawo, aka ce ciwon daji ne, kuma ya sauka wuya. Aka tura mu babban asibiti a kudu, aka yi abin da za a iya, aka sallamo mu da maganin rage zafi. Na koma Titiru ni kaɗai na tambayi likitar nan mace, wadda na yi wa rashin kunya, in da na bari ranar nan fa? Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Ta ce ba za ta rantse mini cewa da Mama ta warke ba, wannan sanin na Allah ne, amma a ranar abin ƙarami ne kuma bai taɓa wuya ba, irinsa ana yanke shi mutum ya ci gaba da rayuwa. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta zargi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yarda kwanan Innarku ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma kada ku ba ni shi a matsayin mafaka. Allah ya kawo ta har gaban mai magani, ya zaunar da ita a kan kujera, ya sa aka kunna fitila, ni na tashe ta.

A makonninta na ƙarshe nakan fito da ita tsakar gida bayan la'asar, in jingina ta da matashi a gindin mangwaro, in riƙa ba ta ruwa da cokali. Wata rana Rabi na madafa tana kuka tana tsine wa masu cire haƙori, muryarta har waje. Na ce zan tashi in gaya mata gaskiya. Innarku ta riƙe mini bakin riga. Maganarta a lokacin sai na kai kunne kusa nake ji.

"Bar su," ta ce. "Uba ɗaya ya rage musu."

Na zauna. Can sai ta sake motsa baki, na sunkuya.

"Matar nan ta iya. Tun da ta taɓa wuyana na sani."

"Kin sani?" na ce. "To don me ba ki faɗa ba? Ta tambaye ki fa. Ke da ba a taɓa rufe miki baki ba a gidan nan."

Ta daɗe tana haɗa numfashi.

"A gida ne wannan. Can gaban mutane ne, kuma ka riga ka miƙe."

Kwana goma sha biyu bayan nan ta rasu, ranar Laraba da hantsi, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Na riƙe abin da ta ce in riƙe har tsawon shekarun nan, yau kuma na saɓa mata, don na ga shirun yana neman cutar da jikokinta. In kun gama karantawa kuna iya zuwa ku faɗa mini duk abin da ke ranku, ina ɗakina, ba zan kare kaina ba. Shekara talatin da takwas tana gardama da ni a kan gishiri, a kan hula, a kan sunan da za a sa muku. Rana ɗaya tak ta rufa mini asiri ta yi shiru, kuma ranar ce ya kamata ta kunyata ni.